Na'urar auna danshin ƙasa: wadda zan aiko miki da dalilina

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara. Kin tambaye ni abin nan mai kama da doguwar ƙusa da kika hango a soke cikin tukunyar fure a hoton da na turo, har kika ce idan zai yi miki amfani in haɗo miki da shi. Na'urar auna danshin ƙasa ce. Iri-iri ne a nan, kuma ba duka ne suka cancanci a ba su wuri a jaka ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki sosai.

Asara ce ta kai ni sayenta. A hunturuna na farko a arewacin Turai na rasa shuka biyu, har da wata moda da nake ji da ita. A watan Disamba yini ba ya cika awa 8 a nan, hasken ma dishi-dishi, sai shuka ta rage girma, ta rage shan ruwa. Ga na'urar ɗumama ɗaki tana busar da saman ƙasa cikin kwana biyu. In na taɓa na ji a bushe sai in zuba ruwa. Ganye ya fara rawaya yana langaɓewa, na ɗauka ƙishi ne, na ƙara. Ranar da na juye tukunyar, can gindinta jagwab, saiwoyin sun yi baƙi sun yi laushi, ga wari. Saiwa numfashi take yi, Yaya. Idan ruwa ya cike 'yan kafofin iskar da ke cikin ƙasa sai ta shaƙe, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su samu ƙofa. Saiwar da ta ruɓe kuma ba ta iya jan ruwa, don haka shukar da ruwa ya yi wa yawa kamarta ɗaya da mai jin ƙishi. Abin ya daɗe yana damuna.

Wadda aka fi samu ko'ina ita ce mai allura irin hannun agogo a kanta, da tsinken da ake sokawa a ƙasa. Ba ta da batir. A bakin tsinken akwai ƙarfe iri biyu, in suka shiga ƙasa mai laima sai su haifar da ɗan lantarki kaɗan, shi ne yake motsa allurar. An rubuta lamba daga 1 zuwa 10: daga 1 zuwa 3 ja ne, wato a bushe, daga 4 zuwa 7 kore, akwai danshi, daga 8 zuwa 10 shuɗi, ta jiƙe sharkaf. Ki riƙe wannan da kyau: ba ruwan take aunawa kai tsaye ba, lantarkin take aunawa. Duk abin da ya ƙara gishiri a ƙasa, kamar takin zamani da ya taru, zai sa allura ta haura, ta nuna miki danshi alhali ƙasar ta kusa bushewa. Haka nan in ƙasar mai gwaɓi-gwaɓi ce, cike da ɓawon itace da fararen tsakuwoyin nan marasa nauyi, tsinken ba ya mannuwa da ita sosai, sai ta nuna 2 ko da yanzu kika gama ban ruwa. Na gani da idona a tukunyar okid ɗina, wani irin furen ado: ruwa na ɗiga ta ƙasa, allura na kwance a ja.

Akwai mai tsinke biyu da aka ce tana auna danshi da haske da tsamin ƙasa gaba ɗaya. Na saya ta intanet, na gwada ta a tukwane shida, ɓangaren tsamin bai motsa daga wuri ɗaya ba. Na mayar da ita. Wannan kam abu ne da ya burge ni a nan, doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa ko bai faɗi dalili ba, kuma an dawo mini da kuɗina ba tare da ja-in-ja ba.

Sai masu batir da ke aika saƙo wa wayar hannu ta manhaja. Masu kyan cikinsu an lulluɓe bakinsu, ƙarfe ba ya taɓa ƙasa, don haka ba sa saurin tsatsa, gishiri ma bai cika ruɗa su ba. Amma kowace tukunya sai da tata, ga canjin batir. Ga mai tukwane goma wannan ɗawainiya ce. Akwai kuma wani siririn sanda ɗan Japan mai suna Sustee, shi ana barinsa ne a tukunyar dindindin. In akwai ruwa kansa shuɗi ne, in ƙasa ta bushe ya koma fari. Yana da daɗin sha'ani, sai dai zaren da ke cikinsa yana cinyewa, bayan wasu watanni dole a sake sabo. In ba ki da inda za ki samu na canji, ya zama na ajiya.

Shawarar da ta fi yi mini amfani kuwa daga wata dattijuwa na same ta, ma'aikaciya a shagon da ba a sayar da komai sai shuke-shuke. A manyan kantuna za ki ɗauki fure ki biya ki fita, ba mai ce miki uffan. Ita kuwa da na nuna mata hoton saiwoyin, sai ta ɗora mini tukunya biyu a hannu, ɗaya an ba ta ruwa da safe, ɗaya ta yi mako, ta ce in ji bambancin nauyinsu. Ta ce in riƙa haɗa wannan da abin da allura ta nuna, har in san lambar kowace tukunya tawa. Tukunyar yumɓu tana zufa ta jikinta, tana saurin bushewa fiye da ta roba, ko da shuka iri ɗaya ce a ciki.

Yadda nake yi yanzu: ina soka tsinken a hankali tsakanin gindin shuka da bakin tukunya, ya shiga kamar kashi biyu cikin uku na zurfinta. In na ji ya tokare ba na dannawa, sai in sake wuri, kada in tsinke saiwa. Ina jira kamar minti ɗaya, in gwada wuri biyu ko uku. Moda da alobera ba na ba su ruwa sai allura ta sauka 1 ko 2. Masu faffaɗan ganye mai taushi kuwa, da ta zo 4 nake ba su, in zuba har ya fito ta hujin ƙasa, in zubar da wanda ya taru a faranti. Ina gamawa nake zare ta in goge bakin da tsumma. Barinta a ciki shi ke cinye ƙarfen, wadda kika gani a hoton ma lokacin awo ne aka ɗauka.

Mai allurar zan aiko miki, guda biyu, don in ɗaya ta fara ba ki lambar da ba ki yarda da ita ba ki gwada da ɗayar. Ranar da suka iso, ki ba tukunya ɗaya ruwa sosai, ki jira ya tsane, ki auna ki rubuta lambar, sannan ki riƙa aunawa duk bayan kwana biyu har ta bushe. Ki turo mini abin da kika samu tare da hoton ƙasar da kike amfani da ita, in duba ko irin wadda take ruɗa allura ce. A gaishe mini da kowa.