Gidan tarihin fataken Hansa a Lubek: a je da lokaci, kada a je da gaggawa

A watan Mayun 2015 aka buɗe Europäisches Hansemuseum a bakin kogin Trave, a birnin Lubek da ke arewacin Jamus. Aikinsa ɗaya ne, wato nuna yadda fataken garuruwan Jamus suka haɗa kai har suka riƙe cinikin tekun Baltik da Tekun Arewa na ɗaruruwan shekaru, abin da ake kira Hansa. Ya yi aikin da kyau, sai dai yana neman mai haƙurin karatu.

Tikitin shiga yana ɗauke da ɗan guntun na'ura. Tun a ƙofa kake zaɓar harshe, Jamusanci ko Turanci ko Rashanci ko harshen Suwidin, sai ka riƙa kanga tikitin a jikin allunan da ke kowane ɗaki, bayani ya fito da harshen da ka zaɓa. Ana farawa ne daga ƙasa, wurin da aka tono tsofaffin harsasan gini. Daga nan ɗakunan iri biyu ne suna bin juna: wanda aka ƙera ya yi kama da wuri na da, sai wanda aka ajiye kayan asali da takardu. Mai so ya karanta ko da rabin allunan ya ware awa uku. Wanda ya ba shi awa ɗaya zai fita da hotuna a waya, kai kuwa fayau.

Inda gidan ya fi ƙarfi shi ne manyan masaukai huɗu na fataken: Nobgorod a Rasha, Buruj a Filandas (cikin Beljiyam ta yau), Landan, da Bargen a Norwe. Kowanne da hajarsa. Kakin zuma da fatu masu gashi daga Nobgorod, yadin ulu daga Filandas, ulu daga Ingila, busasshen kifi daga Bargen. Gishirin garin Luneburg kuma shi ne ƙashin bayan Lubek, domin da shi ake gyara kifin herin da ake kamawa a gaɓar Skaniya (kudancin Suwidin ta yau), kusan ganga ɗaya ta gishiri ga ganga huɗu zuwa biyar na kifi. A 1398 aka gama mashigin ruwa na Stecknitz, gishirin ya samu hanyar kwalekwale zuwa Lubek.

A ɗakin Buruj, tsakanin dilolin yadi, ya kamata a fi daɗewa. A birnin baƙon falke ba ya ciniki kai tsaye yadda ya ga dama. Yana sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi ɗaki da ma'aji, ya haɗa shi da dillali, wani lokaci ma ya tsaya masa a bashi. Kowane bandir na yadi yana da hatimin dalma da ke shaida garin da aka saƙa shi da cewa an duba ingancinsa. Kaki ma sai an ƙwanƙwasa an duba, don masu algus sukan cusa dutse ko yashi a ciki ya yi nauyi. Waɗannan ƙananan abubuwa su suke nuna sirrin Hansa: ba ta da sojan dindindin, ba ta da baitulmali, abin da take da shi amana ce da takardun rangwamen haraji daga sarakuna. In aka taɓa takardun, sai fatake su tattara su bar gari. Haka suka yi wa Buruj a 1358, suka koma Dordrecht da ke Holan, ba su dawo ba sai 1360 da aka biya musu bukata. Sarkin Denmak, Valdemar na huɗu, shi yaƙi ya sha, aka tilasta wa ƙasarsa sulhun Stralsund a 1370.

Kasawar gidan ita ce yawan rubutu, ga ɗakunan da duhu-duhu. Yara ƙanana kan gaji da wuri. Sannan kayan kwaikwayon an yi su da gwaninta har baƙo yakan ɗauka na asali ne, don haka a riƙa duba alamar kowane abu. Jiragen da ake gani a ɗakin kogin Neva, hanyar zuwa Nobgorod, ma ƙerawa aka yi. Mai son ganin jirgin fatake na ainihi sai ya je garin Bremerhaven na Jamus, inda aka ajiye wanda aka gina wajen 1380, aka tsamo shi daga kogin Weser bayan an gano shi a 1962, tsawonsa kimanin mita 23. Haka nan labarin na arewa ne. Mai neman Benis da Jenowa da bankunan Fulorans na Italiya ba nan zai ƙoshi ba.

Sashen faɗuwar Hansa a taƙaice yake ga mai bibiya: Ivan na uku ya rufe masaukin Nobgorod a 1494, Sarauniya Elizabeth ta farko ta rufe na Landan a 1598, taron ƙarshe ya zauna a Lubek a 1669.

Tsohon gidan ibada na Burgkloster, wanda aka kafa a ƙarni na 13, yana cikin harabar kuma ɓangare ne na gidan. A rage masa ko da rabin awa kafin ƙafa ta gaji.