Kafin Ka Sayi Abin da Zai Riƙa Ƙara wa Kifinka Ruwa

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan ƙauyukan Ringim, ruwan akwatin gilashin kifi raguwa yake yi kana gani. Da hunturu ma haka, busasshiyar iska ce ke ɗauke shi. Akwati mai tsawon santimita 100 da faɗin 40, in ruwansa ya sauka santimita ɗaya kacal, lita 4 ke nan ta tafi. Wanda ke wuni a gona ko ya tafi cin kasuwa dole ya nemi abin da zai riƙa cika masa.

Mafi araha ita ce jarka a kife, dabarar mazubin ruwan kaji. Bakinta na taɓa saman ruwa, da ruwan ya sauka iska ta shiga, sai ta saki kaɗan. Ba ruwanta da wuta. Sai dai a nemi mai kauri, domin roba mai laushi lotsewa take yi ta juye ruwan gaba ɗaya.

Sai fulot, irin wanda masu aikin famfo ke sa wa tankin sama, ana samunsa a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Ɗauki ƙarami na roba, ka bar na tagulla, don tagulla na cutar da halittun ruwa. Aibinsa ɗaya: ƙwayar yashi ko gansakuka ta maƙale a bakinsa, ya ƙi rufewa ya yi ta ɗiga.

Na ukun shi ya fi burge matasa: makunni mai shawagi, wanda ke kunna famfo in ruwa ya sauka ya kashe shi in ya cika, da ɗan famfo mai bolt 12 a kan batirin sola. Ni ma shi na fara haɗawa, kuma na dawo daga masallaci na tarar da tabarma sharkaf alhali famfon a kashe yake. Ashe bokitin ajiya na ɗora a kan teburi, sama da bakin tiyo, ruwa ya ci gaba da bin tiyon da kansa kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota. In za ka saya, ka ajiye bokitin a ƙasa, bakin tiyon kuma ya tsaya a sarari, kada ya nutse, in ba haka ba ruwan akwatin zai koma bokiti. Kada ka bi da wutar famfon kai tsaye ta cikin makunnin, ɗan ƙarfen da ke ciki siriri ne, yana iya mannewa famfon ya ƙi tsayawa. Ka ce wa mai gyaran rediyo ya sa maka rile, wato ɗan na'urar da za ta ɗauki wutar famfon a madadin makunnin, ka ƙara makunni na biyu a sama kaɗan da na farko don ya tsayar da famfon in na farkon ya ƙi. Famfon kuma yana ƙonewa in bokiti ya ƙafe.

A ganina, ɗan'uwa, in ba ka da tsayayyar sola, jarka ko fulot sun ishe ka. Ko wanne ka zaɓa, kada ruwan ajiya ya wuce abin da akwatin zai iya ɗauka ko da duka ya zube a ciki.

Ruwan da ya bi iska yana barin gishirinsa da dattin kifi a baya, na burtsatse kuma yakan bar farin ɓawo a jikin gilashi da fulot. Don haka duk mako nake kwashe kashi ɗaya cikin huɗu in zuba sabo, in goge fulot ɗin da tsohon buroshin haƙori.