Kafin Ka Sayi Kwanon Fitsari Don Banɗakin Jama'a: Wanne Ya Fi Tsafta, Wanne Ya Fi Rage Cin Wuri?

Banɗakin jama'a, na tashar jirgi ne ko na makaranta ko na filin wasa, hanci ke fara yanke masa hukunci tun ido bai ga komai ba. Shi kuwa mai gini in ya tashi sayen kwanon fitsari, abu biyu yakan duba: kyansa a hoto, da guda nawa bangon zai ɗauka. A ganina akwai tambaya ta uku da ta fi waɗannan nauyi. Wa zai riƙa wanke shi, sau nawa a rana, kuma da me? Amsar da ka bayar ita ce za ta zaɓa maka kwano.

Sai an san inda zarni ke fitowa kafin a san abin da ake gudu. Fitsari sabo kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, warinsa kuma kaɗan ne. Da zarar ya kwanta a wuri, ƙwayoyin bakteriya sai su farfasa sinadarin yuriya da ke cikinsa ya koma amoniya, ita ce ke sukar hanci. Wannan sauyin ne kuma ke sa gishirin da ke narke a ciki ya daskare ya manne, ya zama ɓawo mai tauri irin wanda masu gyaran famfo ke tararwa a bututun da ya toshe. Ɓawon yana da ƙananan ramuka, bakteriya su samu maɓoya, zarni ya ƙaru. Saboda haka duk inda fitsari ya samu wurin zama, nan matsala za ta yi gida: tsagar da ke tsakanin tayil, ƙarƙashin leɓen kwano, gindin allon da ya raba mutum da mutum, da bututun da ba a ba shi gangara ba.

Yawancin abin da ke zuba a daɓe fallatsi ne, kuma siffar kwanon ce ke haddasa shi fiye da sakacin masu amfani. A 2013 Tadd Truscott da Randy Hurd na Jami'ar Brigham Young a Amurka sun yi gwaji da kyamara mai saurin ɗauka. Sun nuna cewa bayan tafiyar kimanin santimita 15 ruwan yakan tsinke ya zama ɗigo-ɗigo, ɗigon nan ne kuma ke tarwatsewa in ya doki bango kai tsaye. Daga baya wasu masana a Jami'ar Waterloo ta Kanada, tare da Zhao Pan, suka gano iyakar abin: in ruwan ya sauka a karkace, kusurwar ba ta wuce digiri 30 ba, fallatsin kusan ɓacewa yake yi. Sun wallafa sakamakon a 2025 tare da samfura biyu da suka zana, Cornucopia da Nautilus. Ba lallai ka samu waɗannan a kasuwa ba, amma darasin a hannunka yake. Ka tsaya gaban kwanon ka duba cikinsa. In bayansa a miƙe yake sak kamar allo, ba zurfi, zai mayar wa mutum abin da ya zuba. In yana da zurfi, cikinsa ya lanƙwasa, gefunansa sun rungumo gaba, shi ne naka. Wanda ruwa ke kwance a gindinsa a fili ma yana fallatsi, gara mai rufaffiyar magudana.

Akwai kuma dabarar ƙuda. A farkon shekarun 1990 filin jirgin saman Schiphol na Amsterdam ya sa hoton ɗan ƙuda a cikin kwanukansa, don an lura namiji in ya ga abin saiti sai ya saita. Kamfanoni da dama yanzu suna gasa irin wannan alama a jikin kwanon tun daga masana'anta. Tana da amfani, da sharaɗin an sa ta daidai inda kusurwar ta fi kwanciya.

Kwano ɗai-ɗai ko dogon kwami

Nan ne maganar wuri ta shigo, nan kuma lissafin takarda ke yaudarar mutane. Kundin ƙa'idojin aikin famfo da jihohin Amurka da yawa ke bi ya ce daga tsakiyar kwano zuwa tsakiyar na kusa da shi kada a gaza santimita 76, daga tsakiyar kwano zuwa bangon gefe kuma santimita 38. Ke nan bango mai tsawon mita 3 da 'yan santimita zai ɗauki kwano 4. Dogon kwami na ƙarfe, wanda mutane ke jerawa a gabansa, masu ƙera shi kan ƙidaya santimita 60 zuwa 70 ga mutum ɗaya, don haka a bango iri ɗaya za a ce maka mutum 5 ne. Bututunsa ɗaya, magudanarsa ɗaya, girka shi ba wuya.

To amma mutane ba sa tsayawa yadda takarda ta tsara. Tun 1976 wani bincike da Middlemist da abokan aikinsa suka yi a banɗakin wata jami'a ya nuna cewa in wani ya tsaya dab da mutum, fitsarin yakan yi jinkirin fitowa. Kowa ma ya san wannan ba sai an yi bincike ba: namiji in ya shiga, gurbin da ya fi nisa da kowa yake nema, in bai samu ba sai ya faɗa ɗakin masai ya rufe ƙofa. Kwamin mutum 5 sai ya koma na mutum 3, layin masai kuma ya yi tsawo. Kwano 4 masu allon tsakani sukan cika duka huɗun. Shi ya sa nake ganin allon nan yana cikin kayan rage cin wuri, ko da yake a ido kamar ƙarin kaya ne. Wancan kundin ya ce allon ya fara daga abin da bai wuce santimita 30 sama da daɓe ba, ya kai aƙalla santimita 152, ya fito daga bango kamar santimita 46. Ka lura ba dole ne ya taɓa ƙasa ba. In an bar tazarar, tsumman goge daɓe zai wuce ta ƙarƙashinsa.

Kwami yana da wurinsa: filin ƙwallo, inda dubban mutane ke tururuwa cikin minti 15 na hutun rabin lokaci, kunya kuma ta kau saboda matsuwa. A ofis, asibiti, otal ko makaranta, ban ga dalilinsa ba. Faɗin jikinsa da ke jiƙewa ya fi na kwanuka nesa, fitsarin mutumin da ke can ƙarshe sai ya bi gaban kowa kafin ya isa magudana, in kuma magudanar nan ɗaya ta toshe an rufe wurin gaba ɗaya.

Tsohon samfurin da ke sauka har daɓe yana da kirki ɗaya: yaro da dogo da gajere duk ya yi musu. Aibinsa mahaɗarsa da daɓe, wadda ba ta rabuwa da danshi. Na kusurwa kuma yana ceton ƙaramin ɗaki mai kwano ɗaya, ba a jera shi. Wanda ke rataye a bango, bututunsa a ɓoye, ƙasansa fayau, shi ya fi sauƙin wankewa, muddin an bar wata 'yar ƙofa da mai gyara zai kai hannu ga bututun ba sai an fasa tayil ba.

Ko wanne ka ɗauka, ka saukar da guda ɗaya ƙasa. Yawanci ana kafa leɓen kwano a wajen santimita 60 zuwa 65 daga daɓe. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka ta ce na mai keken guragu kada ya wuce santimita 43, a kuma bar fili a gabansa mai faɗin santimita 76 da tsawon 122. Wannan gajeren shi ne yara ma za su yi amfani da shi, ya rage maka fitsarin da ke zuba ƙasa don ɗan yaro ya kasa kaiwa.

Ruwa: da yawa, kaɗan, ko babu

Dokar makamashi ta Amurka ta 1992 ta ƙayyade kada ruwan da kwano ke saki ya wuce lita 3.8 a kowace kora. Tambarin WaterSense na hukumar kare muhallinsu yana neman lita 1.9 ko ƙasa, jihar Kalifoniya kuwa tun 2016 ta sauko da na bango zuwa ƙasa da rabin lita. Ka ɗauka kwano ɗaya ana amfani da shi sau 200 a rana: na farko zai sha lita 760, na ƙarshe bai kai 100 ba.

Yadda ake sakin ruwan ma abin dubawa ne. Mai maɓallin dannawa ya fi sauƙin gyara, sai dai mutane da yawa ƙyamar taɓa shi suke yi, su wuce abinsu. Mai na'urar sensa yana kora da kansa in mutum ya matsa, nagari a cikinsu kuma yakan saki ruwa sau ɗaya a yini ko ba wanda ya shigo, don kada ruwan da ke tare wari a lanƙwasar bututu ya ƙafe. Buƙatarsa batir ko lantarki, da wanda zai tuna ya canza batirin. Sai tankin sama mai cika ya zubar da kansa lokaci-lokaci, wanda ya yi yawa a tsofaffin gine-ginen Birtaniya. Ƙa'idarsu ta 1999 ta ba shi lita 7.5 a awa ga kowane gurbi in an jera su. In aka bar shi yana aiki dare da rana, lita 65,700 ke nan a shekara a gurbi ɗaya, har da ranakun da ginin ke kulle. Kada ka saye shi sai da na'urar da ke tsayar da shi in ba kowa.

Marar ruwa shi ake ta talla yanzu, shi ne kuma ya fi buƙatar a yi masa tambayoyi. Kamfanoni irin su Waterless da Falcon a Amurka, Urimat a Suwizalan da Uridan a Denmak sun daɗe suna yin sa. Iri biyu ne. Ɗaya yana da wani ruwa mai kama da mai a magudanarsa, wanda ya fi fitsari rashin nauyi: fitsarin ya ratsa ya wuce, man ya taso ya rufe hanyar wari. Ɗayan yana da bawul na roba mai laushi da ke buɗewa in ruwa ya zo, ya manne in ya wuce. In ana kula da shi ba ya zarni, don busasshen kwano bai yi wa bakteriya daɗi kamar jiƙaƙƙe ba. Ba maɓalli, ba sensa, ba bututun kawo ruwa.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai goge-gogen da ba a koya masa ba zai ɗauko bokiti ya sheƙa, kamar yadda ya saba, ya kore man nan gaba ɗaya, kafin yamma wurin ya gagari shiga. Katirij ɗin da ke riƙe man yana da wa'adi, bayan amfani 'yan dubbai sai an canza, kuma na wani kamfani ba ya shiga na wani. Fitsarin da ba a sirka da ruwa ba yana cin bututun tagulla, don haka sai na roba. Yana kuma son gangara sosai, kamar santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba ɓawo ya taru. Masu dabara sukan haɗa wurin wanke hannu a saman layin bututun, ruwansa ya riƙa bi yana ɗauraye hanya. Duk waɗannan tun ran gini tun ran zane ne. A sabon gini mai ma'aikatan tsafta na dindindin, marar ruwa zaɓi ne mai kyau, ballantana inda ruwa ke wahala. A tsohon gini da ba ka san abin da ke cikin bangonsa ba, ko inda masu shara ke sauyawa kowane wata, ni mai sensa da ke sakin ruwa kaɗan zan ɗauka. Ko da marar ruwan ka zaɓa, ka sa a ja bututun ruwa a toshe shi a bayan bango, saboda ranar da za ka canza shawara.

Maganar abin da aka yi kwanon da shi ba ta da tsawo. Tangaran mai sheƙi ba ya shan ruwa, yana jure sinadaran wanki, amma yana fashewa in an doke shi. Ƙarfe marar tsatsa shi ne na wurin da ake ɓarna, tashoshi da gidajen yari da banɗakin bakin titi. Nau'insa mai lamba 304 ya wadatar a yawancin wurare, mai lamba 316 ya fi jure gishiri in kusa da teku ne. Bilic yana yi masa ƙananan ramuka in ya daɗe a kansa. Roba da faiba ba nauyi, sun dace da na wucin gadi a wurin taro, sai dai suna karcewa, karcewar kuma ta riƙe datti. A wannan rukunin ne aka samu na mata, irin Lapee na Denmak da aka gani a bikin Roskilde a 2019, mai ɗaukar mata 3 a lokaci ɗaya.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi rai: kada a haɗa bilic da sinadarin asid mai narkar da ɓawo, haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba. Ƙwallon ƙamshin nan da ake jefawa a kwano kuma rufe wari kawai yake yi. Tarayyar Turai ta hana masu sinadarin paradichlorobenzene a cikinsu tun 2015.

Abin da ke ƙarƙashin kwanon da kewayensa a kasafin sayen yake, kada a bar shi sai kuɗi sun ƙare. Manyan tayil sun fi ƙanana don tsagarsu kaɗan ce, a cike tsagar da abin da ba ya shan ruwa irin epoksi, ko a zuba daɓe bai ɗaya marar tsaga. A karkata daɓen kaɗan zuwa magudana, a kafa fanka mai zuƙe iska kusa da layin kwanukan ta fitar da ita waje. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya ciro katirij ko sensar a gabanka ya mayar, ka ga ko aikin minti biyu ne ko sai an kira injiniya. Ka tambaye shi kayan gyaran nan suna ajiye a wurinsa ko sai an yi oda, sannan ka sa ya rubuta maka sunayen sinadaran da aka yarda a wanke kwanon da su, a liƙa takardar a ɗakin ajiyar kayan shara.