Furobayotik ko Dashen Ƙwayoyin Hanji: Wanne Ya Dace da Yaro Mai Lalurar Galahanga?

Hajiya, kin tambaya a kan ɗanki mai lalurar galahanga da ke fama da taurin bayan gida da kumburin ciki, ko ki saya masa furobayotik ko ki nemi dashen ƙwayoyin hanji da kika ji ana yabawa. Allah Ya ba shi lafiya.

Furobayotik ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ake sha a gari ko kafso, dangin waɗanda ke cikin kindirmo. Haɗarinsu kaɗan ne ga yaron da garkuwar jikinsa ke da ƙarfi, amma amfaninsu ma bai taka kara ya karya ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2020 daga Italiya, wanda ya haɗa yara 85 na tsawon wata shida, ba a ga bambanci a alamomin galahanga gaba ɗaya ba, sai dai cikin wasu masu matsalar hanji ya ɗan lafa.

Dashen kuwa al'amari ne mai nauyi, domin daga bayan gidan mutum mai lafiya ake tace ƙwayoyin. Ya yi suna a fannin galahanga ne bayan binciken Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka na 2017, inda aka ba yara 18 maganin kashe bakteriya mai suna vancomycin na mako biyu, aka wanke hanjinsu, sannan aka riƙa ba su ƙwayoyin kullum har kusan mako takwas. Matsalolin cikinsu sun ragu da kusan kashi 80 cikin 100, kuma a 2019 an tarar sauƙin ya ɗore. Sakamakon yana da daɗin ji, amma yara 18 sun yi kaɗan, ba kuma a ware wasu da ba a yi wa dashen ba domin a kwatanta. A 2019 ɗin ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi bayan wani majinyaci ya rasu sakamakon ƙwayar cuta da ta biyo dashen, kuma abin da ta amince da shi a 2022 da 2023 na masu cutar C. difficile, wata bakteriya mai jawo gudawa mai tsanani, ne kaɗai. Don Allah kada kowa ya gwada shi a gida.

Shawarata ita ce ki fara da likitan yara a kan taurin bayan gidan kansa, domin yana da magani sananne. Yaron da ba ya iya cewa cikinsa na ciwo yakan danna cikin a bakin kujera ko ya farka da kuka cikin dare, don haka ki rubuta irin waɗannan alamu tare da abin da yake ci. Binciken Ostareliya na 2021 a kan yara 247 ya nuna cewa tsananin zaɓen abinci ne ke sauya ƙwayoyin hanjin, saboda haka ƙara masa ruwa, wake da ganye sannu a hankali yana gaba da kowane kafso. Idan likitan ya yarda, sai a gwada furobayotik bayan haka.