Gwajin ruwan ƙashin baya da aka yi wa ɗana a Jos

Cikin watan Maris ɗana mai shekara 9 ya tashi da zazzaɓi da amai. Muka ɗauka maleriya ce, muka karɓo magani a kemis ɗin unguwa, har da kafso na kashe ƙwayoyin cuta. Bayan kwana biyu wuyansa ya sandare, ko hasken fitila ba ya son gani. Cikin dare muka tafi asibiti.

Da likita ta ce tana zargin sanƙarau, sai an ɗebi ruwan bayansa, surukata ta ce atafau: "Allurar baya ai gurgunta yaro take yi." Ni ma gabana ya faɗi. Likitar ta ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki," ta nuna mata a bayan yaron cewa laka tana ƙarewa ne sama da ƙugu, ita kuwa allurar a ƙasa da nan ake soka ta. Wannan bayanin ne ya sa muka sa hannu.

Aka kwantar da shi a gefe, gwiwa a ƙirji, aka kashe wurin da allurar kashe zafi. Ruwan mai lafiya garau yake, amma nasa ya ɗigo gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa. Nan take aka fara masa allurar ceftriaxone, maganin kashe bakteriya, ba a jira sakamako ba.

Abin da ya ɓata min rai shi ne babu wanda zai kai kwalaben ɗakin gwaji. Mijina aka miƙa wa, ya tarar da layin biyan kuɗi, alhali ruwan nan so ake ya isa cikin awa guda, kuma ba a sa shi a firji, domin sanyi na kashe ƙwayar da ake nema. Wannan ba aikin majinyaci ba ne.

Ma'aikatan ɗakin gwajin dai sun yi ƙoƙari. Kafin asuba sakamakon farko ya fito: fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa, sukarin ruwan ya faɗi, furotin ya hau. Haɗuwar ukun nan bakteriya take nunawa, ba bairos ba. Sai dai da aka shuka ruwan don ƙwayar cutar ta tsiro a gane ta, aka jira kwana uku, komai bai tsiro ba. Likita ta ce kafson kemis ɗin nan ne mai yiwuwa ya ɓoye ƙwayar. Har yau abin na ci min rai, don da an san ko meningokokas ce, wato bakteriyar sanƙarau mai yaɗuwa tsakanin 'yan gida, da mun san matsayin ƙannensa.

Ya yi kwana biyu yana ciwon kai in ya tashi zaune, ya wuce. Ƙafafunsa lafiya lau, alhamdu lillahi, an kuma duba jinsa kafin sallama, tunda sanƙarau na kurmantarwa. Da muka dawo gida na ɗauko katin rigakafin ƙannensa na tafi tambayar allurar rigakafin sanƙarau ta Men5CV, wadda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024.