Tacewa ko ƙafar da ruwa: wanne ke fitar da gishiri, wanne ke fitar da yashi?

Wata malama a cikinmu ta yi tambaya: ɗalibanta 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare sun tace ruwan gishiri har sau uku, amma gishirin yana nan daram a cikin ruwan. Takardar ce ba ta da kyau, ko kuwa hanyar ce ba daidai ba?

Malama, takardarki lafiyarta ƙalau. Aikin da aka ba ta ne ba nata ba. Ko sau ɗari za a tace, ruwan zai fito da gishirinsa.

Tacewa da girman abu take aiki. Ramukan takardar tacewa ta ɗakin gwaji galibi girmansu kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne, ƙwayar yashi kuwa tana kamawa daga milimita 0.06 zuwa milimita 2, saboda haka dole ta maƙale. Gishiri idan ya narke a ruwa, rarrabuwa yake yi zuwa ƙwayoyin da ba su kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba. Ramin takarda a wurinsu ƙofar gari ce a buɗe. Ita kuwa ƙafarwa ba ruwanta da girma. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas a daidai tsayin teku, yana ma ƙafewa a hankali tun kafin nan, alhali gishiri ba ya ko zama ruwa-ruwa sai zafi ya kai digiri 801. Ruwan sai ya tashi ya zama tururi, ya bar gishirin a ƙasan tasa.

A nan akwai tarkon da harshe ke ɗana wa yara. Kalmar "narkewa" ɗaya muke faɗa wa ƙanƙarar da zafi ya mayar ruwa, da kuma gishirin da ya ɓace cikin ruwa, alhali abubuwa biyu ne daban. Ki raba musu su tun ranar farko: wancan zafi ne ya narkar da shi, wannan ruwa ne ya ɗauke shi.

Hanya mafi kyau ta nuna bambancin tacewa da ƙafarwa ita ce a haɗa su a gwaji guda. A auna yashi busasshe giram 10 da gishiri giram 10, a cakuɗa, a zuba ruwa mililita 50, a yi ta juyawa har gishirin ya ɓace. Wannan ruwan ya isa, domin mililita 100 na ɗaukar gishiri kusan giram 36 a digiri 20. Ruwan ɗumi yana sa ya narke da sauri, amma bai cika ƙara yawan abin da zai narke ba: ko a tafasasshen ruwa kusan giram 39 ne.

Sai tacewa. A ninka takardar biyu, a sake ninkawa, a buɗe ta kamar hula, ɓari ɗaya fallen takarda uku, ɗaya ɓarin falle guda. A sa ta cikin mazurari, a ɗiga mata ruwa kaɗan don ta manne. A riƙa zubawa a hankali, kada ruwan ya kai bakin takardar. Nan ne yawancin yara ke ɓata aiki: sun ƙosa, sai su cika mazurari, ruwa ya bi ta bayan takarda da yashinsa. Wasu kuma su sa sanda suna motsa yashin don ya yi sauri, jiƙaƙƙiyar takarda ta huje. In an gama, a ɗauraye yashin da ke kan takardar da ruwa mililita 10, sau biyu, domin akwai ruwan gishiri maƙale a tsakanin ƙwayoyinsa.

Ƙafarwa ta fi sauƙin bayani, ta fi haɗari. Ruwan ya kai kusan mililita 70 yanzu. A ɗora a ƙaramar wuta, kowa da tabarau na kariya. Ba za a ga komai ba sai ruwan ya ragu zuwa ƙasa da mililita 30, sannan farin gishiri ya fara fitowa a gefen tasa kamar an shafa alli. Da ya fara kauri a sauke, a bar sauran ya bushe da kansa. Idan aka ce sai an ƙone ruwan tas, gishirin zai riƙa tsalle yana fantsama, ga asarar abin aunawa, ga barazana ga ido. Wanda aka bari ya bushe a hankali cikin kwanaki ƙwayoyinsa sun fi girma, kowace kamar ɗan akwati mai kusurwoyi. Da sukari ne ma, wuta mai ƙarfi ƙona shi za ta yi ya koma ruwan ƙasa.

Sikeli shi ne alƙalin wannan gwaji, kuma a ganinmu a nan ne ainihin darasin yake. Yashi ya fito giram 11? Bai bushe ba, ko ba a ɗauraye shi ba. Gishiri ya fito giram 8? Ya fantsame, ko ya saura a takarda da jikin kofi. Ya wuce giram 10? Da sauran danshi: a sake busarwa a sake aunawa, har sai lambar ta daina sauka. Kada ki gaya musu dalilin. Ki sa kowane rukuni ya rubuta hasashensa kafin a fara, ya rubuta abin da ya samu, sannan ya nemo inda giram biyun suka shiga. Kuma ba da harshe ake tabbatar da gishiri ba. A ɗakin gwaji ba a ɗanɗana komai. Ɗigo ɗaya a kan gilashi, a bar shi ya bushe, farin tabon zai ba da shaida.

Kowace hanya da inda ƙarfinta ya ƙare. Tacewa ba ta kama yumɓu mai laushi sosai, ruwan zai fito da ɗan duhunsa, kuma ruwa garau ba ya nufin ya tsarkaka daga ƙwayoyin cuta. Ƙafarwa kuma tana ba ki gishiri ne ta salwantar da ruwan. In ruwan ake so, kamar daga ruwan teku mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita, sai a tare tururin a bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. Wannan darasin gaba ne. Kafin a kai can, ki ba su alli da aka niƙa a ruwa, da ruwan sukari, da garin ƙarfe cikin yashi, kowa ya zaɓi hanya ya faɗi dalilinsa. Na ukun ba ya buƙatar ruwa ko wuta, maganaɗisu kawai, a naɗe shi cikin leda don garin ya yi sauƙin cirewa.