Sharhi kan Hilux ɗin da na saya daga Legas ba tare da na gan ta ba

Wata goma sha huɗu ke nan da wata tirela mai dakon motoci ta sauke mini Toyota Hilux a Kano, kuma tun da motar ta yi rani ɗaya da damina ɗaya a hannuna, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani game da ita da kuma hanyar da na bi na mallake ta. Ina noman shinkafa a yankin Auyo kusa da Haɗeja, inda hanyar da ta tashi daga bakin kwalta zuwa gona take zama laka zalla da zarar ruwa ya zauna, saboda haka abin da nake nema shi ne motar da ke jan ƙafafunta huɗu, wadda za ta shiga da taki ta fito da buhuna.

Na ga tallarta a wani shafin saye da sayarwa na intanet, an rubuta cewa ƙirar 2013 ce, mai injin fetur lita 2.7, kuma kuɗin da aka sa mata ya yi ƙasa sosai da abin da dillalan Kano ke faɗa. Mai motar yana Legas, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,000 daga inda nake, ni kuwa a lokacin ana tsakiyar aikin noman rani, sai na ga asarar kwana uku a hanya ta fi ƙarfina. Mun yi magana ta kiran bidiyo har sau huɗu. Ya zagaya motar da wayarsa, ya buɗe ƙofofi, ya tayar da inji na ji ƙararsa, sannan ya ja ƙaramar giyar da ke haɗa ƙafafun gaba, fitilarta ta kama a gaban direba. Wannan fitila ita ce ta kwantar mini da hankali, ita ce kuma ta yaudare ni.

Dole in yi wa mutumin adalci a kan abu biyu. Motar da na gani a bidiyo ita ce ta iso, lambar shasinta mai harafi da lamba 17 ta dace da wadda ke cikin takardu, kuma takardun kwastan ba su ba direban tirelar matsala a shingayen hanya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017, kuma hukumar kwastan da kanta ta sha yin gargaɗi kan masu tallar gwanjon motoci na ƙarya da sunanta a shafukan sada zumunta. Akwai waɗanda suka tura kafin alƙalami, daga ranar wayar mai mota ta daina shiga. Ni dai an kawo mini mota.

Abin da aka ɓoye bai fito ba sai a watan Yuli, ranar da na fara shiga laka da taki a baya. Ƙafafun baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, na ja giyar, fitila ta kama kamar yadda ta kama a bidiyo, amma na gaba ko motsi ba su yi ba, sai da wani mai tarakta ya janyo mu bayan magariba. Washegari bakanikena ya shiga ƙarƙashinta, bai yi minti biyu ba ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "Alhaji, ai wannan da ƙafa biyu take tafiya, farfelar gaba ma babu ita." Wato an kwance sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji daga akwatin giya zuwa aksul ɗin gaba gaba ɗaya. Da aka buɗe aksul ɗin sai aka tarar haƙoransa sun cinye, kuma man da ke ciki ya koma fari-fari kamar madara, alamar ruwa ya daɗe da shiga. Wanda ya kwance farfelar ya san cewa idan ya bar ta motar za ta riƙa ƙugi da karkarwa, idan kuwa ya cire ta za ta yi tafiya lafiya lau a kan kwalta, fitilar kuma za ta ci gaba da kamawa, domin ita motsin giya kawai take ji, ba ta san ko ƙarfin ya isa ƙafa ba.

A nan ne na fahimci bambancin sayen irin wannan mota da sayen ƙaramar motar cikin gari. Kusan duk abin da mutum ke biyan ƙarin kuɗi dominsa a motar daji a ƙarƙashinta yake, wato shasi da aksul biyu da farfela biyu da sifirin, kuma wahalar da ta sha a baya can take barin tabo. Mai riƙe da waya kuwa tsaye yake, shi ke zaɓen inda zai haska, kuma ko sau ɗaya bai durƙusa ba, ni ma ban ce ya durƙusa ba. Da muka wanke ƙasan motar muka kankare baƙin fentin da aka fesa mata, sai ga tsatsa ta ci gefen shasin na baya kusa da inda sifirin yake kamawa, da wani faci na walda da aka yi a gaggauce. Mu da muka saba da motocin arewa, inda iska busasshiya ce, tsatsa ba ta cikin abin da muke fara dubawa, alhali motar da ta yi shekaru tana aiki a bakin teku ko cikin fadamun kudu ruwan gishiri da danshi suna cin ta daga ƙasa, samanta yana ƙyalli.

Batun shekarar ma bai tsira ba. Bakaniken ya nuna mini ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera, wanda ke ɗauke da shekarar da aka yi shi, sai ga 2007. Samfurin Hilux ɗin da ya fito daga 2005 zuwa 2015 jikinsa ɗaya ne, gyaran fuska kawai kamfanin ya riƙa yi masa, saboda haka ba wuya a sauya fitilu da bamba da murfin inji, tsohuwa ta fito kamar ta baya-bayan nan. Ba ni da hujjar cewa an juya lambar tafiyarta, amma robar da ke kan birki da kuloci ta suɗe fiye da yadda kilomitocin da ke rubuce za su sa ta suɗe.

Na kira mai motar, ya amsa cikin ladabi, ya ce shi ma haka ya saye ta, kuma wata huɗu sun wuce, wa ya san abin da aka yi da ita a Kano. Ba ni da amsar da zan ba shi, domin takardar cinikinmu ba ta ambaci lafiyar ƙafafun gaba ba, kuma kuɗin na tura su ne gaba ɗaya kafin a ɗora motar a tirela, zuwa asusun da sunansa ya bambanta da na mai maganar, ya ce na ƙaninsa ne. Babu dillalin da ya san ni ya san shi, babu shugaban kasuwa da zan kai wa ƙara, shari'a kuma a Legas za ta ci fiye da kuɗin gyaran. Daga baya wani malaminmu ya tuna mini cewa a fiƙihun Malikiyya an halatta sayen abin da ba ya wurin bisa siffantawa, amma ba a yarda a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a karɓa ba idan kayan yana nesa kuma irin wanda ke iya canzawa ne. Na karanta wannan tun ina makarantar zaure, ban taɓa tunanin ya shafi mota ba.

Game da motar ita kanta, ba ni da ƙorafi a kan ƙirarta. Injin bai taɓa ba ni kunya ba, ba ya shan baƙin mai, ba ya zafi ko da kaya a watan Afrilu, kayan gyaransa kuma suna nan a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, sai dai yana shan fetur sosai. Farfela da aksul na hannu da na saya, da waldar shasi da aka sake yi a tsanake, sun cinye ragin da na yi murnar samu har sun ɗora, ban da takin da ya jiƙe a ranar da muka maƙale a laka. Kuɗin jirgi zuwa Legas ni da bakanike, da hayar ramin da za a hau da motar a duba ƙasanta, da na je, ba za su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na kashe ba.

Yanzu ƙafafunta huɗu suna ja, ta kuma fito da shinkafar bara daga gona ba tare da tarakta ba. Bakaniken ya ce kada in ɗora mata fiye da buhu takwas saboda wurin waldar, don haka kayan da nake sa ran ɗauka a sawu biyu sai na yi musu uku.